Bin Sawun Masu Duba Jiragen Turi: Daga St. Louis zuwa New Orleans

Kogin Misisifi da rassansa, musamman Ohayo da Tenesi da Ilinoi, su ne babbar hanyar da masara da waken soya da alkama na tsakiyar Amurka ke bi zuwa teku, kuma ta nan ne kwal da takin zamani da man fetur da gishiri da tsakuwa ke hawa ko gangarowa tsakanin jihohi. Ana zuba wannan kaya ne a cikin baji, wato wani dogon akwatin ƙarfe mai iyo wanda ba shi da inji ba shi da sitiyari, tsawonsa ƙafa 195, faɗinsa ƙafa 35, yana kuma ɗaukar kimanin tan 1,500. Akan tara baji da yawa a ɗaure su tamau da igiyoyin ƙarfe har su zama jiki guda, sa'an nan wani jirgi mai ƙarfin inji ya kafa goshinsa a bayansu ya tura. Shi ne ake nufi da jirgin turi a nan, ko da yake dokar Amurka ta sa shi aji ɗaya da jiragen da ke jan kaya da igiya a teku da waɗanda ke taimaka wa manyan jirage shiga tasha, kuma gaba ɗayansu sun haura 5,000.

Matafiyin da ke son ganin yadda ake duba waɗannan jirage, da yadda ake horar da masu dubawar, zai fi cin riba idan ya fara daga birnin St. Louis na jihar Mizuri, domin a nan ne kogin ke sauya hali. Daga nan zuwa arewa ruwan a daddatse yake da madatsai, kowace tana da ƙofar wucewa, wato wani ɗaki mai ƙyaure gaba da baya inda ake cika ruwa ko a rage shi don a ɗaga jirgi ko a sauke shi zuwa matakin da ke gaba. Mafi yawan ƙofofin tsawonsu ƙafa 600 ne, faɗinsu 110, saboda haka jerin da aka saba gani a can bai wuce baji 15 ba, uku a faɗi biyar a tsawo, kuma ko shi ma sai an raba shi biyu kafin ya wuce. Jeri irin wannan yana ɗauke da kimanin tan 22,500, abin da sai tirela 750 masu ɗaukar tan 30 kowace za su iya kwashewa. Daga St. Louis zuwa kudu kuwa babu sauran madatsa har teku. Wanda ya tsaya a gaɓa kusa da gadar Eads, wadda aka buɗe a 1874, zai ga matuƙi yana saita jeri mai tsawon fiye da ƙafa 1,000 ta tsakanin ginshiƙan gada alhali igiyar ruwa na ingiza shi ta baya, kuma ba shi da abin tsayawa sai ya juya injin baya ya jira nauyin ya yarda, abin da kan ɗauki tazara mai tsawo.

Duk da wannan haɗari, har zuwa shekarun baya-bayan nan jiragen turi suna cikin rukunin da dokar Amurka ke kira jiragen da ba a dubawa. Ana neman lasisi daga matuƙi, akwai kuma 'yan ƙa'idoji kan kayan kashe gobara da rigunan hana nutsewa, amma babu wata takardar shaida da Rundunar Tsaron Gaɓar Teku, wadda ita ce hukumar da ke kula da lafiyar jiragen kasuwanci a ƙasar, za ta bayar bayan ta duba jiki da inji, kamar yadda take yi wa jiragen fasinja da na dakon mai. Abin da ya karya wannan al'ada jerin masifu ne, kuma mafi muninsu ya auku ne a daren 22 ga Satumba, 1993, a wani reshen ruwa mai suna Big Bayou Canot kusa da Mobile a jihar Alabama. Jirgin turi mai suna Mauvilla, yana tura baji shida cikin hazo mai kauri, ya ɓace hanya ya shiga reshen da jirage ba sa bi, matuƙinsa kuma, wanda ba a koya masa karanta na'urar rada yadda ya kamata ba, ya ga wani abu a kan allon ya ɗauka wani jerin baji ne, ashe gadar jirgin ƙasa ce. Bugun ya gusar da gadar ya lanƙwasa layin dogo ba tare da ya tsinka shi ba, don haka fitilar hanya ba ta nuna haɗari ba, kuma bayan kimanin minti takwas jirgin fasinja na Sunset Limited ya iso da gudu ya afka cikin ruwa, mutum 47 suka rasu. Bincike ya nuna babu taswira babu kamfas a cikin jirgin turin, kuma doka a lokacin ba ta tilasta su ba.

Sauran sun biyo baya. A watan Janairu na 1996 gobara ta tashi a jirgin Scandia a gaɓar Rhode Island, bajin da yake ja ya tsaya a kan tudu ya zubar da galan 828,000 na mai. A watan Satumba na 2001 jerin baji ya rushe wani sashe na gadar Queen Isabella a Teksas, mutum takwas suka mutu, sa'an nan a ranar 26 ga Mayu, 2002, kyaftin ɗin jirgin Robert Y. Love ya suma a kan sitiyari, bajinsa ya daki gadar babbar hanya ta I-40 a Webbers Falls ta jihar Oklahoma, motoci suka faɗa kogi, aka rasa rai 14. A 2004 majalisar dokokin Amurka ta shigar da jiragen turi cikin waɗanda dole a duba, amma rubuta ƙa'idojin ya ja lokaci fiye da kima: an fara gwajin dubawa na ganin dama a 2009, an fitar da daftari a 2011, ba a buga cikakkiyar doka ba sai 20 ga Yuni, 2016. Ita ce ake kira Sashen M, domin harafin da aka ba ta ke nan a kundi na 46 na ƙa'idojin tarayya, inda ta kama daga babi na 136 zuwa na 144. Ta shafi kusan duk jirgin turi mai tsawon ƙafa 26 ko fiye, har da wanda bai kai haka ba idan yana tura mai ko sinadari mai haɗari. Tsofaffin jirage sun shiga ƙarƙashinta ranar 20 ga Yuli, 2018, aka kuma ba kamfanoni shekara huɗu su karɓi takardar shaida, kashi ɗaya cikin huɗu na jiragensu kowace shekara, har zuwa Yuli na 2022.

Daga St. Louis, tafiyar mil 180 ce ta ruwa zuwa Cairo ta jihar Ilinoi, inda Ohayo ke shigowa cikin Misisifi, ruwan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kowane da launinsa kafin su gauraya, kamar yadda Neja da Binuwai ke yi a Lokoja. Garin kansa ya tsufa ya yi shiru, amma bakin ruwansa cike yake da baji da aka ɗaure ana jiran a sake haɗa su, domin daga nan zuwa kudu jeri kan kai baji 30 ko 40. Wanda ya juya ya hau Ohayo zai wuce madatsar Olmsted da aka buɗe a 2018, ya isa Paducah ta jihar Kentaki, a mahaɗar Tenesi da Ohayo. Ƙaramin birni ne wanda doguwar katanga ke kare shi daga ambaliya irin ta 1937, an yi mata ado da zanen tarihin garin, amma a harkar jiragen kogi ba ƙarami ba ne: akwai ofisoshin kamfanonin turi da wuraren gyaran jirage, akwai ofishin Rundunar Tsaron Gaɓar Teku, a nan ne kuma rundunar ta kafa cibiyarta ta ƙwarewa kan jiragen turi, wadda aikinta shi ne koya wa jami'anta yadda waɗannan jirage suke da daidaita yadda ake fassara doka daga wannan tasha zuwa waccan.

A Paducah ne baƙo zai fara jin kalmomi uku da ma'aikata ba sa haɗa su, ko da yake a kunnen wanda ba ɗan sana'a ba duk ɗaya suke. Na farko shi ne binciken hukuma, wanda sufeton runduna ke yi da ikon gwamnati, kuma shi ne tushen takardar shaida mai aiki na shekara biyar. Na biyu shi ne duban jirgi, wato gwada jiki da inji da kayan aiki ɗaya bayan ɗaya don a tabbatar suna nan kuma suna aiki. Na uku shi ne bin diddigi, wanda ba ƙarfe yake dubawa ba, tsarin kamfani yake aunawa: shin abin da aka rubuta a littafin aiki shi ake yi a ofis da kuma kan ruwa? Sashen M ya ba mai jirgi zaɓi biyu. Yana iya tsayawa kan hanyar hukuma, sufeton runduna ya zo kowace shekara ya duba jirgin. Yana kuma iya rubuta tsarin kula da lafiyar aiki na kamfaninsa, wanda zai fayyace wanda ke da alhakin kowane abu, da yadda ake gyara, da yadda ake horo, da yadda ake kai rahoton matsala, sa'an nan ya ɗauki wata ƙungiya mai zaman kanta da runduna ta amince da ita ta riƙa bin diddiginsa. A wannan hanya ta biyu ana bin diddigin ofishin kamfani sau biyu cikin shekara biyar, kowane jirgi kuma sau ɗaya, ban da wanda kamfani ke yi wa kansa kowace shekara, kuma sai kamfani ya riƙe shaidar tsarin nasa na tsawon wata shida kafin jiragensa su nemi takardarsu a ƙarƙashinsa. Wannan hanya ba daga sama ta faɗo ba, domin ƙungiyar masu jiragen, American Waterways Operators, ta kafa shirin kula da kai irin wannan ga mambobinta tun 1994, shekara guda bayan masifar Alabama.

Da yake doka ta ɗora kaso mai yawa na aikin a wuyan mutanen da ba jami'an gwamnati ba, sai ta tsaya ta bayyana irin mutumin da za a yarda da sa hannunsa. Mai duban jirgi a ƙarƙashin ƙungiya mai zaman kanta dole ya kammala sakandare, ya kuma yi shekara huɗu yana aiki a jirgin turi a matsayin kyaftin ko matuƙi ko injiniya, ko ya zo da gogewa mai kama da haka, kamar ta tsohon sufeton runduna. Mai bin diddigi yana buƙatar irin waɗannan shekaru huɗu, da ƙarin kwas na jagorantar bin diddigi bisa ma'aunin ISO 9001 ko makamancinsa, da horo kan tsarin kula da lafiyar aiki na jiragen turi, sa'an nan ya nuna ya riga ya bi diddigin ofis biyu da jirage shida cikin shekara biyar da suka wuce, ko kuma ya yi almajirci a hannun gwani a ofis ɗaya da jirage uku. Ƙungiyoyin da ke ɗaukar waɗannan mutane, irin su Towing Vessel Inspection Bureau da hukumar tantance jirage ta American Bureau of Shipping, suna gudanar da kwasa-kwasansu, kuma yardar da runduna ke ba ƙungiya ita ma tana da wa'adi, ana iya janye ta. Sufetocin runduna kuwa suna samun horon farko a makarantarta da ke Yorktown ta jihar Bajiniya, su ƙarasa koyo a bakin aiki ƙarƙashin na gaba da su. Kowane ɓangare yana da gurbin da horo ke ƙoƙarin cikewa: tsohon kyaftin ya san jirgi ciki da waje amma sai an koya masa ya dogara da nassin doka maimakon abin da ya saba, matashin sufeto kuma ya haddace nassin amma wataƙila bai taɓa kwana a jirgin kogi ba.

Duban shekara ya fi bayyana a ɗakin inji, wanda a jirgin turi yake ƙasa da bene, cikin zafi da ƙara mai tilasta toshe kunne. Mai duba ba ya wadatuwa da ganin abu a wurinsa, sai ya sa an gwada. Zai nemi a ja hannun da ke waje da ɗakin, wanda ke datse man dizal daga nesa idan gobara ta tashi, ya sauka ya ga ko bawul ɗin ya rufe da gaske ko igiyar ce ta yi tsatsa ta maƙale. Zai ɗaga ƙaramin abin iyo da ke gindin jirgi da hannu don ya ji ko ƙararrawar shigar ruwa ta yi ƙara a ɗakin tuƙi, ya sa a kunna famfon kashe gobara ya ga ƙarfin ruwan da ke fita daga mesa, ya duba ko bututun hayaƙi masu zafi suna lulluɓe inda mai zai iya fallatsa musu, ya kuma ƙirga kwanan watan da ke jikin tulunan kashe wuta. Daga nan zai shafa robar da ke bakin ƙofofin bene, domin jirgin turi yana zaune ƙasa-ƙasa a ruwa, kuma ƙofar ɗakin inji da aka bari a buɗe don shan iska ta sha nutsar da jirage idan suka karkata. A ɗakin tuƙi akwai wata na'ura da tarihinta ke komawa kai tsaye ga gadar Oklahoma: ƙararrawa ce da ke jiran matuƙi ya taɓa ta ko ya motsa cikin tazarar da ba ta wuce minti goma ba, in bai yi ba ta tashi wani a cikin jirgin. Doka ta ɗora ta kan manyan jirage masu kwana a hanya, sai dai idan akwai mutum na biyu a ɗakin.

Abin da ke ƙarƙashin ruwa kuwa ba ya ganuwa sai an ɗaga jirgin, kuma a gefen Paducah ana iya ganin yadda ake yi. Akwai wani faffaɗan dandali na ƙarfe mai bango biyu da ake cika shi da ruwa ya nutse, jirgi ya shiga tsakiyarsa, sa'an nan a zuƙe ruwan ya taso da jirgin a kan kujerun katako. A nan ne ake ganin abin da ya bambanta jirgin kogi da na teku: gindinsa a shimfiɗe yake, farfelarsa sau da yawa tana cikin zoben ƙarfe mai ƙara mata ƙarfin turi, kuma ban da allunan juya jirgi da ke bayan farfela akwai wasu a gabanta waɗanda ke aiki idan inji na ja da baya. Mai duba zai bi gindin yana neman tsaga da lotsawa da wurin da yashi ya cinye, ya sa a goge fenti a ɗora na'urar auna kauri mai aiki da sauti inda ya yi shakka, ya gwada girgizar sandar farfela, ya buɗe akwatin da ke shigar da ruwan kogi cikin jirgi. Sai kuma binciken ciki, inda ake rarrafe cikin tankuna da ɓoyayyun ɗakuna da fitila don duba haƙarƙarin jirgi, kuma ba a shiga sai ƙwararre ya auna iskar ya tabbatar akwai abin shaƙa kuma babu tururin mai. Jirgin da ke aiki a ruwan daɗi ana ɗaga shi sau ɗaya cikin shekara biyar, wanda kuma ya shafe fiye da wata shida na shekara a ruwan gishiri sau biyu, ba tare da tazarar ta wuce wata 36 ba.

Horon waɗanda ake dubawa shi ma yana da gida a Paducah. Cibiyar Seamen's Church Institute ta buɗe makarantar koyon tuƙi a garin a 1997, inda aka gina ɗakunan tuƙi na kwaikwayo masu manyan alluna da ke nuna kogi da gadoji da hazo da dare, matuƙa su shiga su yi kuskuren da a kan ruwa zai ci rai, sa'an nan a zauna a sake kallon abin da suka yi tare da malami da abokan aiki. Hanyar zama kyaftin doguwa ce. Mutum yakan fara ne a matsayin yaron jirgi, yana ɗaukar igiyoyin ƙarfe da ƙarafan ɗaure masu nauyi yana tafiya a gefen baji cikin dare da sanyi, kuma faɗawa ruwa shi ne abin da ya fi kashe masu wannan aiki. Bayan wata 18 yana iya neman lasisin mai koyon tuƙi, bayan wata 30 na matuƙi, bayan wata 48 na kyaftin, kuma a tsakani sai wani gogaggen kyaftin da runduna ta amince da shi ya gan shi yana yin kowane aiki da idonsa, kamar shiga ƙofar madatsa da wuce gada, ya sa hannu a littafin tantancewa. Sashen M ya ƙara da cewa sabon ma'aikaci sai an zagaya da shi an nuna masa kayan ceto kafin jirgi ya tashi, kuma atisayen gobara kowane wata ne, a rubuta shi a littafin jirgi. Mai bin diddigi da ya san aikinsa ba ya tsayawa kan rubutun. Zai kira mafi ƙanƙantar yaron jirgi ya tambaye shi abin da zai yi idan abokinsa ya faɗa ruwa, domin amsar na nuna ko atisayen an yi shi ko an rubuta shi ne kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ma'aikacin da aka haddatar da shi daren jiya yakan tsaya cak a tambaya ta biyu.

Komawa Cairo a gangara kudu, kogin yana faɗaɗa yana lanƙwasa tsakanin tudun yashi da dazuka, kuma injiniyoyin sojan Amurka ne ke da alhakin kiyaye hanya mai zurfin aƙalla ƙafa tara. A kakar 2022 da ta 2023 ruwa ya yi ƙasa a Memphis fiye da duk abin da aka taɓa aunawa, baji suka riƙa zama a kan yashi, aka rage lodi da yawan jeri a daidai lokacin fitar da amfanin gona. Irin wannan yanayi ne ya sa doka ta nemi matuƙi ya yi nazarin hanya kafin ya tashi da kuma duk lokacin da ya karɓi aiki, ya auna zurfi da ƙarfin igiyar ruwa da tsayin gadoji da ƙarfin injinsa a kan nauyin da yake turawa. A Vicksburg, inda gadoji biyu ke tsaye kusa da juna a ƙasan wata kwana, matsalar ta cikar ruwa ce, kuma tsohuwar gadar 1930 ta sha bugu. Matuƙa kan wuce irin wannan kwana ta hanyar ja da baya a hankali su bar igiyar ruwa ta juya musu kan jerin, dabarar da babu takardar shaidar da za ta iya tabbatar da ita.

A wannan dogon zango, inda babu abin kallo sai ruwa da itatuwa, matafiyi na da sararin auna tsarin. Rauninsa a bayyane yake: kamfanin da ake bin diddiginsa shi ne ke biyan mai bin diddigin, kuma yana iya sauya shi, har ma doka ta yarda kamfani mai tsari ya yi duban shekara da ma'aikatansa a ƙarƙashin sa idon ƙungiyar waje. An yi ƙoƙarin toshe wannan da sharaɗin cewa ƙungiyar ba za ta kasance da wata maslaha a kamfanin ba, da kuma barin bayar da takardar shaida da ikon hawa jirgi a kowane lokaci a hannun runduna. Akwai kuma batun girma. Kamfani mai jirage ɗari yana da ofishi guda na masu bin ƙa'ida, amma iyali mai jirgi biyu da ke jera baji a tasha ba shi da wanda zai zauna rubuta littafin tsari, shi ya sa ƙanana da yawa suka tsaya kan hanyar hukuma. Duk da haka, hujjar masu tsarin tana da ƙarfi, domin sufeton da ke zuwa rana ɗaya a shekara jirgin ranar kawai yake gani, alhali bin diddigi na iya gano famfon da aka kai rahoton lalacewarsa wata uku da suka wuce ofis bai saki kuɗin gyara ba, laifin da yake na tebur, ba na ɗakin inji ba.

Daga Baton Rouge, kimanin mil 230 daga bakin teku, manyan jiragen teku ke fara bayyana, gaɓa biyu kuma su cika da matatun mai da masana'antun sinadarai da rumbunan hatsi, jiragen turi ƙanana suna ta kai da komo tsakaninsu. A wannan zango, gaban New Orleans, a ranar 23 ga Yuli, 2008, jirgin Mel Oliver ya tura bajin mai ya gitta gaban jirgin dakon Tintomara, bajin ya tsage ya zubar da kusan galan 280,000 na baƙin mai, aka rufe kogin kwanaki. Kyaftin ɗin ba ya cikin jirgin, ya sauka tun kwanaki kafin nan, wanda ke kan sitiyari kuwa mai koyo ne da lasisinsa bai ba shi damar tuƙi shi kaɗai ba, kuma ya daɗe yana aiki babu isasshen hutu. Babu wani ƙarfe a jirgin da duban shekara zai kama a wannan lamari. Abin da zai fallasa shi shi ne kwatanta littafin jirgi da jadawalin ma'aikata da takardun albashi, wato aikin mai bin diddigi. Sai dai batun gajiya shi ne wurin da Sashen M ya fi barin giɓi. Ma'aikatan dogon zango kan yi kusan wata guda a kan ruwa suna aikin awa shida hutun awa shida, kyaftin ya riƙe daga ƙarfe shida zuwa sha biyu, matuƙi ya karɓa daga sha biyu zuwa shida, dare da rana, don haka babu mai samun barci mai tsawo a jere. Tsohuwar doka ta hana mai lasisi ya wuce awa 12 cikin 24 sai da larura, amma ƙa'idojin 2016 ba su taɓa tsarin rabon awoyin ba, runduna ta ɗage wannan tambaya zuwa gaba.

A New Orleans ne hedikwatar shiyyar rundunar da ke kula da mafi yawan kogunan tsakiyar ƙasar take, daga nan kuma hanyar ruwa ta cikin gaɓa ke ratsawa yamma zuwa Teksas da gabas zuwa Mobile, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri, har lissafin watannin da jirgi ya yi a kowanne ya zama abin da kamfani ke ajiye wa rubutu saboda shi ke yanke yawan ɗagawa. Takardun shaida na farko da aka bayar a 2018 da 2019 sun cika shekara biyar a 2023 da 2024, don haka aikin da ake gani yanzu a tashoshin birnin na sabuntawa ne. Idan sufeto ya sami nakasu yakan rubuta shi a fom mai lamba CG-835V, ya sa wa'adin gyara gwargwadon girman abin, wani a ba shi kwanaki, wani kuma, kamar famfon kashe gobara da ya ƙi tashi, a ce jirgin ba zai motsa daga inda yake ɗaure ba sai an gyara an sake gwadawa a gabansa.